Na kai agogon Baba gyara, aka cire masa inji

Wata biyar ke nan da faruwar abin, kuma sai yanzu na iya zama in rubuta shi ba tare da zuciyata ta sake tafasa ba.

Agogon na mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Seiko 5 ne na ƙarfe, mai baƙar fuska, irin wanda ba ya cin batir. Ba agogon masu hannu da shuni ba ne. Tun 1963 kamfanin ke fitar da wannan jeri, kuma da araha da juriya aka san shi. A murfin bayansa akwai lambobi iri biyu. Ɗaya ta fara da 7S26, wato sunan injin da ke ciki, wanda aka fara ƙerawa a 1996. Ɗayar kuma lamba shida ce a jere, kuma a tsarin Seiko ta farkon ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka yi agogon, ta biyu kuma watan. Namu 8 ce sai 3. Watan Maris na 1998 ke nan, ba na 2008 ba, domin tun ina firamare nake ganinsa a hannun Baba. Bayan rasuwarsa Umma ta ciro shi daga aljihun tebur ta miƙo min. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan agogo ba zai yi wuya ya gane abin da na rasa, don haka bari in ɗan tsaya a nan. A cikinsa akwai wani rabin faifai na ƙarfe mai nauyi da ke juyawa duk lokacin da hannunka ya motsa. Juyin nan shi ke nannaɗe sifirin, sifirin kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan ta cikin ƙananan ƙafafu masu haƙora, har ya kai ga wani ɗan zobe da ke kai da komo a kan siririyar waya mai kaurin gashi. Zoben nan yana bugawa sau 21,600 a awa ɗaya, sau shida ke nan a kowace daƙiƙa. Shi ya sa hannun daƙiƙa ba ya tsalle, sulalewa yake yi. In ka cire agogon ka ajiye, zai kai kamar awa 40 sannan ya tsaya. Kuma wannan injin ba a yi masa wani, wato nannaɗe sifirin, da maɓallin gefe. In ya tsaya sai dai ka girgiza shi. Har yau ina ganin Baba yana yin haka: ya ɗauke shi, ya kaɗa shi hagu da dama a hankali, ya kara a kunne, sannan ya ɗaura. Taga ɗaya ce a fuskar mai nuna rana da kwanan wata, kuma faifan ranakun na harshe biyu ne, Turanci da Larabci. Baba a Larabci yake barinsa. Ni ma ban taɓa canzawa ba.

Shekara uku ina ɗaura shi lafiya. Sai ya fara gajiya. Da farko minti biyu ko uku yake bari a baya kowace rana. Daga nan in na cire shi da dare, kafin gari ya waye ya tsaya, alhali da can yana kwana biyu yana tafiya. Ban tsorata ba, don na san dalili. Akwai mai a gaɓoɓin injin, ɗigo-ɗigo da ido ba ya gani sosai, kuma mai yana bushewa ya daskare. Agogon da ya haura shekara ashirin ba a taɓa buɗe shi ba, ai ya yi ƙoƙari. Sabis kawai yake nema: a warware shi, a wanke, a sa sabon mai, a mayar.

Shagon da na zaɓa yana da kyan gani. Gilasai ko'ina, fitilu, agogo jere bisa jere, ga allo a ƙofa da ke cewa suna gyaran kowane iri. Na sha wucewa ta gabansa, kuma sau ɗaya na taɓa canza batir ɗin agogon matata a wurin, aka yi cikin minti biyar. Da wannan na auna su. Yanzu na san canza batir da warware injin sifirin sana'o'i biyu ne da suka yi tarayya a teburi ɗaya kawai.

Mai shagon matashi ne, ba zai girme ni ba, mai fara'a da saurin magana. Na miƙa masa agogon na ce, "Malam, na mahaifina ne, ya rasu. Sabis nake so a yi masa. Don Allah kada a canza komai sai an tambaye ni."

Ya juya shi sau biyu a tafin hannu. Bai buɗe ba, bai kara a kunne ba. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ƙaramin aiki ne. Irinsu nawa muka yi! Ka dawo bayan kwana uku."

Na biya rabin kuɗin. Ya yago 'yar takarda ya rubuta "gyaran agogo" da lambar wayata, shi ke nan. Ba sunan agogon, ba lambar bayansa, ba irin aikin da za a yi. Na karɓa na sa a aljihu. Wannan takardar tana cikin abubuwan da suka fi damuna daga baya, domin a gabana aka rubuta ta, kuma ina da bakin da zan ce a ƙara layi biyu.

Kwana uku suka zama mako bakwai. Ba zan gajiyar da ku da lissafin zirga-zirgar ba. Yau a ce maigida ya fita, gobe a ce ana jiran kaya, jibi a ce an gama ana gwada shi ne. Da na ji maganar kaya na kira shi na ce wane kaya, ai mun yi da kai ba za a canza komai ba. Ya ce, "Haba yallaɓai, ɗan abu ne, kada ka damu." Jeka-ka-dawo bai taɓa ɓata min rai kamar wannan kalma ta "kada ka damu" ba, don duk lokacin da na nemi bayani ita ake ba ni a madadinsa.

Ranar da aka ce ya kammala, da yamma na isa, suna shirin rufewa. Mai shagon ba ya nan. Yaronsa ya ɗauko agogon a 'yar leda, an goge shi yana ƙyalli. Na duba lokaci, ya yi daidai da na wayata. Na cika kuɗin, na yi godiya, har na ƙara wa yaron wani abu. Na jefa ledar a aljihu na kama hanya da farin ciki.

Sai da dare, gida ya yi tsit, na zauna na ciro shi. Abin da na fara ji shi ne rashin nauyi. Hannun da ya shekara uku yana ɗauke da abu ya san nauyinsa. Na kaɗa shi yadda Baba ke yi, ina jiran in ji faifan nan ya juya a ciki. Shiru. Na kara a kunne. Maimakon ɗan saurin bugun da na sani, sai na ji ƙas, a dakata, ƙas, a dakata. Gabana ya faɗi. Na kunna babbar fitila na zuba wa hannun daƙiƙa ido, sai ga shi yana tsalle ɗaya-ɗaya.

Agogon batir ne ke tafiya haka. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, na'urar ciki ta yi ta raba adadin biyu har sau 15, ya koma bugu ɗaya, shi ne tsallen da ake gani. Babu yadda za a yi injin Baba ya yi wannan tafiya.

Daga nan sauran abubuwan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar an yaye min labule. Kwanan watan da ke taga ya karkace, bai zauna tsakiya ba. Na ja maɓallin na juya ranaku, babu Larabci. Hannuwan ma ba su ba ne: na Baba farin da ke jikinsu ya ɗan yi rawaya saboda shekaru, waɗannan fari ne fat. A murfin baya ga wasu zurfafan karce guda biyu inda abin buɗewa ya zame. A fuskar kuma rubutun na nan yadda yake, yana cewa agogo ne mai ɗaura wa kansa wani, mai duwatsu 21. Fuskar Baba ce, amma an sa ta faɗin abin da ba shi ne a ciki ba. Daren nan ban runtsa ba.

Da safe ina ƙofar shagon kafin su buɗe. Da ya iso na ajiye agogon a kan gilashi na ce, "Malam, ina injin da ke cikin agogon nan?"

Bai musa ba, kuma wannan ya ba ni mamaki. Ya ce, "Wancan ai ya mutu, yallaɓai. Na sa maka sabo. Wannan ya fi shi nesa ba kusa ba. Ba ruwanka da girgizawa, ba ruwanka da saiti. Shekara biyu ba ka taɓa shi ba."

Na ce, "Na ce maka na mahaifina ne. Na ce kada a canza komai sai an tambaye ni."

Ya ce, "To ai gyara ka kawo. Yana aiki ko ba ya aiki?"

Na ce a ba ni tsohon injin, ko a mace yake ina so. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗan tona, ya kira yaron, yaron ya ce bai gani ba. Ya ce wataƙila an share shi da shara. Daga baya ya ce wani abokin aikinsa ya kai wa, zai tambaya. Na koma sau huɗu a kan wannan magana. A na ƙarshe ya ɗaure fuska ya ce in ina so ya mayar min da rabin kuɗina, amma shi bai ga abin tayar da jijiyar wuya a kan tsohon ƙarfe ba. Na ɗauki agogona na fita, ban karɓi ko sisi ba. Da na karɓa, da ya zama kamar mun yi ciniki ne, na sayar masa.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Agogon batir ya fi na sifirin kiyaye lokaci. Abin da na sifirin zai ɓata a rana ɗaya, na batir sai ya yi wata bai ɓata ba. Seiko ɗin nan da kansa shi ya fara fitar da agogon hannu na kwaz a kasuwa, ranar 25 ga Disamba 1969, kuma cikin 'yan shekaru ya girgiza masana'antar agogo ta Suwizalan. Ba ni da faɗa da batir; agogon matata na batir ne kuma yana yi mata aiki. Da lokaci kawai nake nema, wayata ta ishe ni. Abin da na kai masa shi ne injin da motsin hannun mahaifina ya yi ta juyawa shekara da shekaru, sannan ya koma juyawa da nawa. Na faɗa masa haka da bakina tun ranar farko, da kalmomin da ba su da wuyar ganewa.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta min wani dattijo da ke gyara a wani ɗan lungu, teburi ɗaya da fitila ɗaya. Na je ba don ina sa ran komai ba, sai don in ga iya ɓarnar da idona. Na gaishe shi na ba shi labari. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sannan ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala gilashinsa a ido, ya ce, "Matso kusa, ɗana. A gabanka zan buɗe."

Abin da na gani ya fi abin da na zata muni. Wani ɗan inji ne ƙarami a tsakiya, an kewaye shi da zoben roba fari da aka yanka da wuƙa don ya cike gurbin. Dattijon ya ɗaga fuskar da hantsaki ya nuna min bayanta. Kowace fuskar agogo tana da 'yan ƙafafu biyu sirara da ke shiga ramukan injin su riƙe ta. An guntule su duka biyun, an manna fuskar da gam. Ya bayyana min dalilin karkacewar kwanan watan: maɓallin wannan agogo yana wajen ƙarfe huɗu ne, injin da aka sa kuwa an yi shi ne don maɓallin ƙarfe uku, sai aka murɗa shi don sandar ta fita ta ramin, lambobin suka bi shi suka karkace. Hannuwan kuma dole aka canza su, don ramukan na asali sun yi wa sandunan injin batir faɗi. Sai ya shafa gefen murfin da ɗan yatsa ya ce, "Robar ma ba su mayar ba." Siririn zoben roba ne da ke hana ruwa da gumi shiga. Da na ci gaba da ɗaurawa, da ranar da ruwa ya taɓa shi zan ga hazo a ƙarƙashin gilashi, tsatsa ta biyo baya.

Na ce, "Baba, da gaske injin ya mutu?"

Ya ce ba zai yi rantsuwa a kan abin da bai gani ba. Amma yadda na kwatanta, agogon da ke tafiya yana ja da baya, yana tsayawa da dare, alamar busasshen mai ce, in ta yi tsanani a haɗa da sabon sifirin. Ya ce irin wannan inji da wuya ya mutu mutuwar da ba a tashinsa, kuma kayansa ba su da wuyar samu don an yi shi da yawan gaske. Duwatsun nan 21 ma, in ji shi, yaƙutu ne da ake haɗawa a masana'anta, an dasa su ne a inda sanduna ke juyawa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ya sa injin ke daɗewa. Ya girgiza kai ya ce, "Garin neman gira an rasa ido."

Shi ne ya fahimtar da ni abin da ya sa ake yin haka. Sabis na gaskiya yana cin sa'o'i. Sai ka warware injin gaba ɗaya, ka wanke kowane yanki, ka duba shi a ƙarƙashin gilashi, ka mayar kana ɗiga mai iri daban-daban a wurare daban-daban, wani wurin da bakin allura. In mai ya yi yawa ya malala ya taɓa siririyar wayar nan, sai ta manne, agogo ya kama gudu. Bayan an haɗa a ɗora shi a na'urar da ke sauraron bugunsa, a daidaita, a ajiye shi kwanaki ana dubawa. Cusa injin batir kuwa aikin ɗan lokaci ne. Ya ce ko masu gyara na ƙwarai sukan ba da shawarar a sa sabon inji na sifirin a irin wannan agogo, kamar NH36 da ya fito daga gida ɗaya da shi, saboda wani lokaci ya fi sabis sauƙi. Amma sai sun faɗa maka, ka amince, kuma su ƙunshe tsohon su ba ka.

A nan ne raina ya fi ɓaci, har yanzu kuma a nan yake ɓaci. Rashin iyawa ba laifi ba ne. Da mutumin nan ya juya agogon ya ce, yallaɓai, ni batir da maɗauri na sani, kai wa wani, da na gode masa, da kuma har gobe ina kai masa agogon matata. Mai gyaran agogo yana aiki ne a inda idon mai kaya ba ya kaiwa. Ka ba shi abu a rufe, ya dawo maka da shi a rufe. In tela ya ɓata maka ɗinki, kana sawa za ka gani. Nan kuwa da a ce ni ban san bambancin tsalle da sulalewa ba, da sai ranar da batir ya ƙare zan ji labari. Mako bakwai yana da lambar wayata a rubuce da hannunsa. Kira ɗaya ya isa.

Dattijon ya karɓi aikin, amma sai da ya gaya min iyakar abin da zai iya. Ya rubuta lambobin murfin a takarda, ya lissafa abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya, ya sa na ɗauki hoton cikin agogon da wayata kafin ya rufe. Bayan mako uku ya samo wani 7S26 daga agogon da gilashinsa da fuskarsa suka lalace, ya yi masa cikakken sabis, ya dasa. Ƙafafun fuskar ba su gyaru ba. Ya ce ana iya yi musu walda, amma zafin kan ƙona fentin gaba, shi kuwa ba zai yi kasada da abin da ya rage na Baba ba. Ya riƙe ta da 'yan maƙalai masu ɗanko da ake yi don wannan aiki. Ya sa sabuwar roba. Karcen murfin ya ce a bar su, don gogewa za ta cinye lambobin. Injin batir ɗin da zoben da aka yanka ya zuba min su a 'yar leda ya ce nawa ne.

Yanzu agogon yana hannuna. Yana sulalewa, yana da nauyinsa, in na kaɗa shi ina jin faifan yana juyawa. Yana ƙara 'yan daƙiƙu a rana, nakan daidaita shi ranar Lahadi.

Na daɗe ina juya ko in gaya wa Umma. Daga ƙarshe na gaya mata duka, don ba na so in yi mata abin da aka yi min. Ta karɓi agogon ta daɗe tana kallonsa, ta kai shi kusa da ido ta duba tagar, ta ce, "Ranar ba ta Babanku ba ce." Faifan da ya zo da wannan injin na Turanci da Sifaniyanci ne. Na koma na faɗa wa dattijon. Ya ce mai Larabcin yana shigowa jefi-jefi a cikin tsofaffin agogon da ake kawo masa, kuma dole ya zama na maɓallin ƙarfe huɗu, in ba haka ba zai karkace kamar wancan. Ya rubuta a bangon littafinsa, ya ce in riƙa leƙowa. Ina zuwa duk ƙarshen wata.